Nufin Allah ba shi da ɗan kamasho

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ya san ɗan kamasho. Motar ba tasa ba ce, ba shi zai tuƙa ba, ba kuma da shi za a yi tafiyar ba, amma ta hannunsa ake bi, kuma sai ya ci la'adarsa kafin a tayar da inji. Idan motar ta mace a tsakiyar daji da tsakar dare, shi yana can tasha yana lodin wata. A shekarun nan wannan sana'a ta samu wurin zama a cikin ikilisiya. Kirista ya tarar da kansa a gaban babbar shawara, ko aure, ko ajiye aiki, ko barin ƙasa da iyali, sai ya sa wani abu a ambulan ya nufi wurin wanda ake kira annabi, domin a jiyo masa abin da Allah ya ce. Ya dawo gida da amsa a aljihu, hankalinsa kwance, a ganinsa ya nemi nufin Allah.

Ni dai a wurina bai nema ba, aike ya yi, kuma Bahaushe ya riga ya ce zuwa da kai ya fi aike. Gaskiya ne neman jagorar Allah kafin yanke shawara yana ƙarfafa bangaskiyar Kirista, ikilisiya ta shaida haka tun zamanin manzanni. Amma ƙarfin yana fitowa ne daga wahalar neman: addu'ar da mutum ya yi da bakinsa, Littafi Mai Tsarki da ya karanta da idonsa, shawarar da ya saurara ko da ba ta yi masa daɗi ba, jiran da ya yi, sannan nauyin hukuncin da ya ɗauka a wuyansa. Wanda ya sayi amsa ya tsallake duk wannan, don haka bangaskiyarsa tana nan inda ya bar ta, in ma ba ta rame ba. Masu karatu Musulmi ba za su ji maganar baƙuwa ba, domin da yawa daga malamansu sun daɗe suna jan kunne cewa istihara addu'a ce da mai buƙata yake yi da kansa.

Abin da ake saya da abin da ake asara

Masu zuwa wurin annabawan nan ba jahilai ba ne. A cikinsu akwai likitoci, da lauyoyi, da ma'aikatan banki, da malaman jami'a. Tsoro ne yake kai su, kuma tsoron yana da dalili. Mutumin da ke riƙe da takardar ɗaukar aiki daga wani asibiti a Ingila, ga tsohuwa marar lafiya a ƙauye, ga 'ya'ya a makaranta, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ya san duk hanyar da ya bi akwai abin da zai rasa. Abin da yake nema shi ne wanda zai sauke masa wannan nauyi. Da zarar an ce masa Allah ya ce ka tafi, shi ke nan, in abin ya ɓaci ba daga gare shi ba ne.

To amma a duba yadda cinikin yake ƙarewa. Idan tafiya ta yi kyau, yabon na annabi ne, za a dawo a ba da shaida a gaban jama'a, a ƙara baiko, a kawo 'yan'uwa. Idan ta ɓaci, akwai amsa a ajiye: bangaskiyarka ce ta gaza, ko irin da ka shuka bai kai ba, ko akwai wata a danginku da ta ɗaure maka ƙafa. Ta kowace fuska mai bi bai ƙaru da sanin Allah ba. Da dogara ga mutum ya ƙaru, har ya kai ga ba ya iya sayen fili ko raɗa wa jariri suna sai ya buga waya. Kowace shekara a daren 31 ga Disamba ana jero annabce-annabce a majami'u, a watsa su a Facebook da WhatsApp. Gabanin zaɓen 2023 an ji annabawa daban-daban suna ba 'yan takara daban-daban kujera ɗaya, kowa da sunan Allah. Zaɓe ya wuce, kasuwar kuwa tana nan tana ci.

Inda wannan hanya take ƙarewa idan aka bi ta har iyakarta, an gan shi a Kenya. A watan Afrilu na 2023 hukumomi suka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola, kusa da Malindi, har adadinsu ya haura 400, ciki har da yara masu yawa. Mabiyan Paul Mackenzie ne, wanda ake tuhuma da umartar su su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu, tuhumar da ya musanta a kotu. Ba na cewa kowane mai annabci a Jos ko Kaduna Mackenzie ne. Amma ba a kwana ɗaya uwa take yarda ta hana ɗanta abinci don wani ya ce Allah ya ce. Ana farawa ne da ƙananan shawarwari, a miƙa su ɗaya bayan ɗaya, har ranar da za a tashi auna magana a tarar sikelin ya yi tsatsa.

Ai akwai annabci a cikin Littafi

Za a ce mini, to ai Littafi Mai Tsarki cike yake da annabawa, kuma Sabon Alkawari ya lissafa annabci cikin baye-bayen Ruhu. Haka ne. Sai dai a karanta yadda aka yi da shi. A Ayyukan Manzanni sura 21, Bulus yana Kaisariya a kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, sai wani annabi mai suna Agabus ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure nasa hannuwa da ƙafafu da ita, ya bayyana cewa haka za a ɗaure mai ɗamarar a Urushalima. Annabin gaskiya ne, kuma an kama Bulus ɗin. Duk waɗanda ke wurin, har da marubucin littafin, suka ɗauka ma'anar annabcin ita ce kada Bulus ya je, suka yi ta roƙonsa da kuka. Bulus ya ji su, ya ƙi, ya tafi. Annabcin ya gaya masa farashin tafiyar, shawarar kuwa tana hannunsa, kuma babu inda aka ce Agabus ya karɓi ko anini.

Bulus ɗin nan shi ne ya rubuta wa Korantiyawa cewa idan annabawa suka yi magana a taro, sauran su auna abin da aka faɗa. Ya gaya wa Tasalonikawa kada su raina annabci, amma su gwada kome kafin su riƙe. Wato aikin aunawa a kan mai saurare aka ɗora shi, kuma dalilin tsoho ne. A zamanin Irmiya, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, kamammu su dawo gida. Irmiya kuwa yana maganar shekara 70. Ba sai an faɗi wanda kunne zai fi son ji ba. Hananiya ya mutu bayan wata biyu, bauta ta ci gaba. Annabin ƙarya ba kasafai yake zuwa da mugun labari ba. Abin da zuciyarka ke kwaɗayi shi yake nannaɗe maka da sunan Allah.

Maganar kuɗi ma Littafin bai bar ta a duhu ba. Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baransa Gehazi da ya bi bayan baƙon a ɓoye ya karɓo azurfa da tufafi, kuturtar ce ta koma kansa. Siman na Samariya ya zaro kuɗi zai sayi ikon Ruhu, Bitrus ya yi masa tsawar da har yau ake tunawa da ita.

Babbar shawarar da ikilisiyar farko ta fuskanta ita ce ko wanda ba Bayahude ba sai ya ɗauki dukan Shari'ar Musa kafin ya zama mai bi. A taron da aka yi a Urushalima a kan wannan, wajen shekara ta 49, akwai manzannin da suka ga Almasihu ido da ido. Bitrus ma ya taɓa ganin wahayi a kan batun, amma bai rufe bakin kowa da shi ba. An yi doguwar muhawara, Bitrus ya kawo abin da ya shaida, Bulus da Barnaba suka ba da rahoton aikinsu, Yakubu ya auna duka da littafin annabi Amos, sannan aka rubuta wasiƙa aka danganta hukuncin ga Ruhu Mai Tsarki tare da su. Ashe a wurin manzanni, muhawara da bincike da karatu ba kishiyoyin Ruhu ba ne. Ta cikinsu yake bi da mutanensa.

Wata guda a Niyok

Wanda yake son ganin yadda neman nufin Allah yake a zahiri, ya duba abin da ya faru da Dietrich Bonhoeffer a 1939. Fasto ne Bajamushe, masanin tauhidi, ɗan shekara 33, yana cikin ɓangaren ikilisiyar Jamus da ya ƙi miƙa wuya ga Hitila. 'Yan sandan ciki na Gestapo sun rufe makarantar horar da fastoci da yake jagoranta a Finkenwalde tun 1937. Yaƙi yana tafe, ana shirin kiran sa'o'insa aikin soja. Ya san ba zai iya ɗaukar wa Hitila bindiga ba, ya kuma san ƙin amsa kira zai iya cin ransa, ya jawo wa 'yan'uwansa fastoci bala'i. Abokansa a Amurka, ciki har da masanin tauhidi Reinhold Niebuhr, suka nema masa mafita: gayyatar koyarwa da aiki a tsakanin 'yan gudun hijirar Jamus. Ya sauka Niyok ranar 12 ga Yuni.

A ma'aunin annabawan zamaninmu, magana ta ƙare. Ƙofa ta buɗe, takardu sun fito, masauki a shirye, ga aikin Ubangiji yana jira, sai shaida ranar Lahadi. Amma littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum a waɗannan makonni ya nuna mutumin da ya kasa samun sukuni. Yana karanta Littafi kowace rana, yana addu'a, tunaninsa yana wurin 'yan'uwan da ya baro. Ranar 20 ga Yuni ya je ya ƙi aikin da aka ba shi. A daren nan ya rubuta abin da babu mai sayar da annabci da zai taɓa faɗa, cewa shi kansa bai gama gane ainihin dalilan da suka sa ya yanke shawarar ba, abin da ya rage masa shi ne ya roƙi Allah ya hukunta, ya kuma gafarta. Sai bayan kwana shida ya ci karo da wurin da Bulus, daga kurkuku, yake roƙon Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin hunturu. Ayar ta bi shi yini guda. A lura da jerin abubuwan: shawarar ce ta riga ayar, ayar ta same shi ne a kan hanyar da ya riga ya ɗauka cikin fargaba. Ya rubuta wa Niebuhr cewa ba shi da haƙƙin sa hannu a sake gina rayuwar Kirista a Jamus bayan yaƙi idan bai sha wahalar wannan lokaci tare da mutanensa ba. A farkon Yuli ya hau jirgin ruwa. Ranar 1 ga Satumba yaƙi ya ɓarke.

An kama shi a Afrilun 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945, mako biyu kafin sojojin Amurka su iso wurin. Yana da shekara 39. Idan alamar jagorar Allah ita ce arziki da tsawon rai, to Bonhoeffer ya ɓata hanya. Amma wasiƙun da ya rubuto daga kurkukun Tegel suna hannun mutane har yau, kuma a cikinsu ya faɗa ƙarara cewa bai taɓa nadamar komowarsa a 1939 ba. Irin wannan natsuwa ba a sayen ta. Ta samu ne domin shawarar tasa ce, a gaban Allah ya ɗauke ta, babu wanda zai nuna wa yatsa.

Kada a ɗauka ina cewa zama ya fi tafiya tsarki. Paul Tillich, shi ma masanin tauhidi ne Bajamushe, ya bar ƙasar a 1933 ya yi sauran rayuwarsa a Amurka. Yusufu ya gudu da Maryamu da jariri zuwa Masar, Bulus kuma a kwando aka zura shi ta katangar Dimashƙu. Mu ma nan mun san wannan tambaya. Lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza a Agustan 2014, ta kuma afka wa hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi a ƙarshen Oktoba, dubban iyalai sun watse, wasu Yola da Jos, wasu sansanin Minawao a Kamaru. Daga baya kowane gida sai da ya zauna ya yanke: a koma a sake gini a kan toka, ko a kafa sabuwar rayuwa inda aka samu kai. Wasu sun koma, wasu har yau ba su koma ba, kuma babu mai ikon cewa ɓangare ɗaya ne kaɗai ya ji muryar Allah. Darasin Bonhoeffer yana cikin yadda ya nema, ba inda jirginsa ya nufa ba.

Yanke hanya a cikin gida

Ba sai da annabi ake guje wa wahalar nema ba. Akwai mai rufe ido ya buɗe Littafi ya ɗora yatsa. Akwai mai gitta wa Allah sharaɗi, in ta kira ni kafin Juma'a ita ce matata. Ana kafa hujja da Gidiyon da ulun da ya shimfiɗa a masussuka, an manta cewa Allah ya riga ya gaya masa abin da zai yi, tsoro ne ya sa shi neman alama. Ana kafa hujja da ƙuri'ar da aka jefa wajen zaɓen Matiyas, alhali daga ita manzanni ba su sake jefa wata ba a Sabon Alkawari, kuma kafin saukowar Ruhu a ranar Fentikos aka jefa ta.

John Wesley, wanda ikilisiyar Metodis ta samo asali daga aikinsa, ya gwada wannan hanya kafin ya shahara, lokacin da yake hidima a Jojiya ta Amurka. A Maris na 1737 ya jefa ƙuri'a a kan ko ya auri wata budurwa mai suna Sophia Hopkey, ƙuri'a ta ce ya bar maganar. Ƙuri'a ta yanke, zuciya ba ta yanke ba. Yarinyar ta auri wani cikin 'yan kwanaki. Bayan 'yan watanni Wesley ya hana ta Jibin Ubangiji a gaban jama'a, mijin ya kai ƙara, a Disamba Wesley ya bar ƙasar da shari'a a kansa.

To, me addu'a ta ƙara?

Daga ɗaya gefen kuma akwai 'yan bokon da za su ce, tunda ka yarda da bincike da shawara da auna riba da asara, me ya rage wa addu'a? Amsar tana wurin Ignatius na Loyola, sojan Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Jesuit ta Katolika. Ya rubuta ɗan littafin horon ruhaniya da Fafaroma ya amince da shi a 1548. A ciki ya ba da hanyar yanke shawara da kowane manajan kamfani zai gane. Ka jera amfani da illar kowace hanya. Ka yi tunanin abin da za ka gaya wa baƙon da ya zo maka da irin matsalarka. Ka tambayi kanka wace za ka so a ce ka zaɓa ranar da kake kan gadon mutuwa. Ya kuma hana canza shawara a lokacin da zuciya take cikin ƙunci da duhu.

Amma kafin duk wannan ya sa sharaɗi ɗaya, sai zuciyar mutum ta tsaya a gaban Allah kamar sikelin da ba a ɗora wa kome ba. Nan ne addu'a take aikin da lissafi ba ya iyawa. Mai ilimi ya fi kowa iya ƙera wa son zuciyarsa hujja, kuma takardar riba da asara takan fitar da amsar da mai alƙalami yake so tun farko. A gaban Allah kuwa mutum yana jin kunyar kiran kwaɗayi hangen nesa, ko kiran tsoro hikima. Haka Yesu ya yi a Gatsemani, ya faɗi abin da yake so a fili, sannan ya ajiye shi a ƙarƙashin nufin Uba. Ignatius ya kuma gargaɗi mai ba da horon kada ya karkata wanda yake horarwa zuwa wata hanya, ya bar Mahalicci ya yi hulɗa da halittarsa kai tsaye. An doshi shekara 500 da rubuta wannan, amma kamar don majami'unmu aka yi.

Ta nan bangaskiya take yin tsoka. Wanda ya yi mako uku yana addu'a a kan shawara ɗaya, ya karanta Littafi da yunwar da ba ya karanta shi da ita a sauran ranaku. Ya gano abubuwa a zuciyarsa da bai san suna nan ba. Ya zauna da dattijon da ya gaya masa gaskiya mai ɗaci, ya koyi cewa ikilisiya ba wurin waƙa kaɗai ba ne. Bayan shekaru sai ya zamana yana da tarihi tsakaninsa da Allah, wurare da ranakun da zai iya nunawa, kamar dutsen da Sama'ila ya kafa don tunawa da taimakon Ubangiji. Idan kuma hanyar ta kai shi ga wahala ba ya rushewa, domin tun farko ba a yi masa alkawarin sauƙi ba. Bulus ya ga wahayi a Taruwasa ya ƙetara zuwa Makidoniya, amma a Filibi, birnin farko da ya zauna a can, bulala aka yi masa aka jefa shi kurkuku. Da tsakar dare shi da Sila suna addu'a suna waƙar yabo. Mai sayen annabci a irin wannan dare lambar annabinsa zai yi ta nema.

Laifin wannan kasuwa ba na masu sayarwa kaɗai ba ne. Tsofaffin ikilisiyoyinmu suna koya wa mutane abin da za su gaskata, amma ba kasafai suke koya musu yadda za su yanke shawara ba. Matashiya mai tunanin aure ta je wurin fastonta, ya ce ki yi addu'a, ya sallame ta cikin minti biyar. Ta je wurin annabi, ya ba ta awa guda, ya ba ta suna da rana. Wanda ya saurare ta shi ya same ta. Saboda haka gyaran daga nan zai fara. A koyar da neman nufin Allah a ajin baftisma, da zumuntar mata, da ta matasa. Dattawa su ware lokaci su zauna da mai shawara a gabansa, su yi masa tambayoyi masu wuya, su yi addu'a tare da shi, su kame bakinsu daga ba shi amsa. Duk wanda ya yi annabci a fili, a rubuta, a dawo a duba ko ya cika, domin wannan shi ne ma'aunin da Maimaitawar Shari'a sura 18 ta bayar. Faston da aka zo masa da ambulan ana tambayarsa abin da Allah ya ce kuwa, ya mayar da ambulan, ya jawo kujera, ya ce, ɗan'uwa zauna mu nema tare, amma kai za ka yanke.